Yadda ake ƙera jiragen ruwa masu tsananin gudu

Jiragen tseren teku na ajin farko, waɗanda hukumar UIM mai hedkwata a Monaco ke kula da gasarsu, kan yi gudun da ya zarce kilomita 200 a sa'a guda. Mutane da dama na ɗauka cewa ƙarfin inji ne sirrin wannan gudu, amma masu ƙera su sun fi ba da lokacinsu ga siffar ƙasan jirgin da kuma yadda nauyi ya rabu a cikinsa.

Siffar ƙasan jirgi

Kwale-kwale na ture ruwa ne gefe da gefe yayin da yake tafiya, shi ya sa gudunsa ke da iyaka. Shi kuwa jirgin tsere ana tsara shi ne ta yadda idan ya ɗauki gudu zai ɗago sama, ya riƙa zamewa a kan ruwa.

Matsalar ita ce taguwar teku. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na saurin ɗagowa, sai dai yana dukan taguwa da ƙarfin da kan farfasa katako, ya kuma jigata matuƙi.

Wani mai zanen jirage Ba'amurke, Raymond Hunt, shi ne ya shahara da maganin wannan matsala: ƙasa mai siffar harafin V tun daga goshi har zuwa baya, wadda ke yanka taguwa maimakon ta buge ta. A shekarar 1960 Richard Bertram ya lashe tseren Miami zuwa Nassau cikin teku mai hauka da wani jirgi mai irin wannan ƙira, Moppie, mai tsawon ƙafa 31. Daga nan ne masana'antu suka rungumi salon.

Daga baya aka koma ga jirage masu gangar jiki biyu. Iskar da ke matsewa a ramin da ke tsakaninsu tana ɗaukar wani ɓangare na nauyin jirgin, to amma idan goshi ya ɗaga fiye da kima iskar na iya wuntsila shi baya kamar takarda.

A yau akan fara gwada zane a kwamfuta, sannan a zuba jikin jirgin da faiba ko zaren kabon, a fita da shi teku ana gyara farfela da mazaunin tankin mai har sai ya daidaita.

Batun kare rai dai ya zo a makare. Sai bayan mutuwar zakaran duniya Stefano Casiraghi, mijin Gimbiya Caroline ta Monaco, a wani tsere a watan Oktoban 1990, aka tsananta dokoki. Yanzu matuƙan manyan jiragen na zama ne a rufaffen ɗaki mai ƙarfi, ɗaure da bel, da iskar shaƙa a kusa.

Daga teku zuwa Shagari

Babu tseren teku a jihar Sakkwato, amma ƙa'idar nauyi da daidaito ɗaya ce a kowane ruwa. Matafiyi daga Sakkwato da ya wuce Bodinga ya isa Shagari zai tarar da ƙauyukan da kwale-kwalen katako ne hanyarsu ta zuwa gona da itace.

A watan Afrilun 2022 mutum 29 daga ƙauyen Gidan Magana suka rasu bayan kifewar kwale-kwale a ruwan Shagari. A watan Mayun 2023 kuma aƙalla yara 15 suka rasu a Dandeji, a ƙaramar hukumar ta Shagari, kan hanyarsu ta zuwa ɗebo itace.

Injiniyan jirgi na auna abubuwa biyu waɗanda ba safai ake auna su a bakin gulbi ba. Na farko shi ne tazarar da ke tsakanin saman ruwa da bakin jirgi. Duk mutum guda da aka ƙara yana rage ta, har ta kai ƙaramar iska ma ta isa ta zuba ruwa a ciki. Na biyu shi ne tsayin kaya: damin itace da aka tula sama, ko fasinjojin da suka miƙe tsaye don firgita, suna ɗaga cibiyar nauyi, sai siririn jirgi ya karkata ya kasa komowa.

Haka kuma jiragen faiba na zamani kan zo da rufaffun aljihu cike da soso mai hana nutsewa, ta yadda ko ruwa ya cika su za su ci gaba da yawo, mutane su sami abin riƙewa.

A shekarar 2025 ministan harkokin teku na Najeriya, Adegboyega Oyetola, ya nemi jihohi su daina amfani da jiragen katako wajen ɗaukar fasinja, su koma na faiba da alminiyam. Sai dai jirgin faiba ma yana da adadin mutanen da aka ƙera shi ya ɗauka, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin akasarin masu fito a ƙauye.