Yaushe Ya Kamata a Buɗe Cikin Famfo? Tarihin Wata Tsohuwar Gardama

Idan aka ce famfo a Hausa, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne kan da ake murɗawa ruwa ya zubo. Asalin kalmar kuwa sunan injin da ke turo ruwan ne, wanda ke can tashar ruwa inda ba mai ganinsa. Mafi yawan waɗannan injuna, tun daga na matatar mai har zuwa ɗan injin ban ruwa da manomin rani ke ɗaurawa a bayan babur, ginin su ɗaya ne: farfela ce a cikin kaskon ƙarfe, tana juyawa da sauri, tana jan ruwa ta tsakiyarta tana watsa shi gefe, kaskon kuma ya tattara shi ya tura cikin bututu. Shi ya sa manomi ke ɗura wa injinsa ruwa kafin ya ja igiya, domin iska ba ta da nauyin da farfelar za ta watsa.

Bafaranshen nan Denis Papin ya bayyana irin wannan famfo a shekarar 1689, lokacin da yake zaune a ƙasar Jamus, amma fikafikan farfelarsa miƙaƙƙu ne, kuma babu injin da zai juya ta da saurin da take bukata. Sai a 1851, a babban baje kolin da aka yi a Landan, John Appold ya nuna farfela mai lanƙwasassun fikafikai, wadda ta mayar da kashi 68 cikin ɗari na ƙarfin da aka ba ta zuwa ɗaga ruwa, ta yi wa abokan takararta fintinkau. A wannan shekara ce aka kafa famfonsa don janye ruwan tafkin Whittlesey a gabashin Ingila, aka mayar da wurin gonaki. Da motar lantarki ta yaɗu a ƙarshen ƙarnin, famfo mai farfela ya sami abokin da ya dace da shi, ya mamaye masana'antu.

Abin da ke juyawa a cikinsa ɗaya ne tak, sandar ƙarfe da farfela a bakinta. Wuraren da yake ciwo ma kaɗan ne: boris ɗin da ke riƙe da sandar, da abin toshe yoyo a inda sandar ta ratsa kasko, da mahaɗar da ke tsakaninsa da motar, sai ita farfelar. Duk da haka, masu injuna sun shafe fiye da ƙarni suna jayayya a kan tambaya guda: yaushe za a tsayar da famfon da ke aiki lafiya a kwance shi?

Mutanen farko ba su da ƙa'ida rubutacciya, amma suna da ma'aikacin da ke zagayawa da tulun mai. Yana ɗora tafin hannu a kan gidan boris ya ji zafinsa. Yana duba igiyar da aka cusa don toshe yoyo, wadda lafiyarta ita ce ta riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan, don idan aka ɗaure ta har ɗigon ya tsaya, za ta ƙone ta ci sandar. Yana kafa bakin sukudireba a jikin injin ya manna ƙotar a kunne, kamar yadda bakanike ke yi har gobe. Ilimi ne na gaske, sai dai a kan mutum ɗaya yake, ranar da ya yi ritaya ya tafi da abinsa. Da masana'antu suka girma, sai manajoji suka nemi abin da za a iya rubutawa a takarda, suka koma ga kalanda: bayan awoyi kaza a canja mai, bayan watanni kaza a kwance komai a sa sababbin kaya. Hujjar tana da daɗin ji. Ƙarfe yana tsufa, don haka a riga shi kafin ya karye.

Wanda ya fara girgiza wannan imani da alƙaluma ba injiniya ba ne. C. H. Waddington masanin halittu ne, yaƙin duniya na biyu ya kai shi sashen bincike na rundunar jiragen saman Birtaniya masu farautar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus. A 1943 shi da abokan aikinsa suka ɗauko littattafan gyaran jirage, waɗanda ake yi wa sabis bayan kowace awa 50 ta tashi, suka ƙirga lokacin da matsaloli ke bayyana. Da hujjar kalanda gaskiya ce, da matsalolin sun taru gab da ranar sabis. Sai suka ga akasin haka: da zarar jirgi ya fito daga hannun masu gyara, matsalolinsa kan yi tsalle sama, sannan su riƙa raguwa har zuwa lokacin da za a sake kwance shi. Aka tsawaita tazarar sabis, aka soke ayyukan da ba a ga amfaninsu ba, awoyin tashin jiragen suka ƙaru da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Littafinsa a kan wannan aiki bai fito ba sai 1973, shekaru talatin bayan binciken.

Duk wanda ya san famfo zai gane dalili. Kowace buɗewa ƙofa ce ga ƙura. Boris ɗin da aka buga da guduma wajen sawa ya riga ya ji rauni tun bai fara juyawa ba. Idan aka mayar da mota ba a daidaita sandarta da ta famfon ba, ko da saɓanin bai wuce kaurin takarda biyu ko uku ba, nauyin zai koma kan boris. Giris ma idan ya yi yawa zafi yake haifarwa. Akwai kuma wani dalili da ya fi waɗannan zurfi, wanda Gustaf Lundberg da Arvid Palmgren na Suwidin suka shimfiɗa lissafinsa a 1947. Boris ɗari da suka fito daga masana'anta ɗaya, aka ɗora musu nauyi ɗaya, ba sa mutuwa tare. Shekarun da ake rubuta wa boris su ne lokacin da goma daga cikin ɗarin za su gaza, alhali rabinsu za su kai kusan ninki biyar na wannan lokaci. Ƙa'idar famfunan matatun mai ta Amurka, API 610, ta nemi awa 25,000, wato kusan shekara uku ba tsayawa. Mai canja boris a ranar da ta cika yana zubar da tara masu lafiya ne don ya kama ɗaya, kuma wataƙila wannan ɗayan ya riga ya lalace tun bara. Lissafin ya kuma nuna cewa idan nauyin da ke kan boris mai ƙwallaye ya ninka biyu, rayuwarsa takan koma kashi ɗaya cikin takwas. Kalanda ba ta san da wannan ba.

Hanyar fita ita ce a mayar da kunnen tsohon ma'aikacin nan lamba. A 1939 T. C. Rathbone, injiniyan wani kamfanin inshora a New York, ya wallafa jadawalin da ke nuna yawan jijjigar da za a lamunta ga inji gwargwadon saurinsa. Ba abin mamaki ba ne da abin ya fito daga masu inshora, tunda su ke biya idan inji ya tarwatse. Jamusawa suka gina tasu ƙa'idar, sannan a 1974 hukumar ma'auni ta duniya ta fitar da ISO 2372, wadda ke auna jijjiga da milimita a daƙiƙa. Kafin nan, a 1965, James Cooley da John Tukey sun wallafa dabarar lissafi mai sauri da ta bai wa kwamfuta damar rarrabe jijjiga zuwa muryoyin da suka haɗu suka yi ta.

Nan ne abin ya zama karatu. Famfon da ke juyawa sau 2,950 a minti yana zagayawa kusan sau 49 a daƙiƙa. Idan jijjigar ta fi ƙarfi a daidai 49, galibi farfelar ce ta yi nauyi a gefe ɗaya. Idan ta bayyana a ninki biyu, a duba daidaiton sanduna. Farfela mai fikafikai biyar tana da tata murya wajen 245. Boris mai tabo yana ƙyasƙyas can sama, makonni ko watanni kafin hannu ya ji zafinsa. Gwanaye kuma sun koyi cewa lambar yau ita kaɗai ba ta cika faɗin komai ba, sai an jera ta da ta watan jiya da ta watan da ya gabace shi.

A 1978 F. Stanley Nowlan da Howard Heap na kamfanin United Airlines suka rubuta wa ma'aikatar tsaron Amurka rahoton da ya kammala abin da Waddington ya faro. Kashi 11 cikin ɗari kacal na sassan jirgi da suka nazarta ne ke lalacewa ta hanyar da shekaru za su iya hasashe, yayin da kashi 68 suka fi gazawa suna sababbi ko bayan gyara. Ana yawan ɗauko waɗannan alƙaluma a liƙa wa kowane inji, kuma a ganina wannan wuce gona da iri ne. Sassan jirgin sama aka ƙirga. Famfon da ke jan ruwan kogi mai yashi da damina farfelarsa na cinyewa ne a hankali, kuma kalanda tana da abin faɗa a kansa, haka ma canjin mai.

Akwai murya ɗaya da ba ta bukatar na'ura, ita ce ƙarar da famfo ke yi kamar an zuba masa tsakuwa. Idan matsin ruwa ya faɗi a bakin farfela, ruwan kan tafasa ko da sanyi ne, ya yi kumfar tururi, kumfar kuma ta fashe da ƙarfin da ke ɓantarar ƙarfe. John Thornycroft da Sydney Barnaby sun bayyana abin a 1895 bayan farfelar jirgin yaƙi HMS Daring ta ƙi ba da saurin da aka zata, Lord Rayleigh kuma ya yi lissafin fashewar kumfar a 1917. Mai jin wannan ƙara ya sani cewa sau da yawa lafiyar famfon ƙalau, abin da ke shigo masa ne ya ɓaci.

Watanni kaɗan bayan rahoton Nowlan da Heap, da ƙarfe huɗu na asubahin 28 ga Maris 1979, famfunan da ke kai ruwa tukunyar tururi a tashar nukiliya ta Three Mile Island, a jihar Pennsylvania, suka tsaya, sanadiyyar wani aikin gyara da ake yi a matatar ruwan tashar. Famfunan ko-ta-kwana uku suka tashi da kansu kamar yadda aka tsara, amma ruwansu bai wuce ba, domin bawul biyu da ke gabansu a rufe suke, kuma takardar alamar gyara da aka rataya ta rufe ɗaya daga fitilun da za su nuna hakan. Sai bayan minti takwas aka lura. Babbar masifar tana wani wurin: wani bawul na rage matsi ya buɗe ya ƙi rufuwa, fitilarsa kuwa tana nuna an aika masa umarnin rufewa ne kawai, ma'aikata suka ɗauka ya rufu. Ruwan da ke sanyaya cibiyar makamashin ya yi ta tsiyayewa, matsi ya faɗi, ragowar ya fara tafasa.

Manyan famfuna huɗu da ke zagaya da wannan ruwa suka shiga jijjiga mai tsanani, domin gaurayen ruwa da tururi suke turawa. Na'urorin auna jijjiga sun yi aikinsu. Amma an horar da ma'aikatan su kare famfo idan ya yi haka, ga shi kuma wani ma'aunin yana sa su zaton ruwa ya cika har ya yi yawa. Suka kashe biyu bayan kimanin awa ɗaya da kwata, suka kashe sauran biyun kafin ƙarfe shida. Da zagayawar ta tsaya, ruwa ya kwanta ƙasa, tururi ya hau sama, kan cibiyar ya fito fili. Ba a toshe hanyar tsiyayar ba sai bayan fiye da awa biyu da farawar abin. A 1982 aka fara zura kyamara ciki, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna kusan rabin cibiyar ya narke. Aikin share wurin bai ƙare ba sai 1993, bayan ya ci kimanin dala biliyan ɗaya.