Ganɗoki da Mai Karatu a Haɗeja

Cikin shekarar 1933 R. M. East na Ofishin Fassara a Zariya ya sa gasa tsakanin malamai, kowa ya ƙago labari da Hausa cikin rubutun boko. Daga cikin waɗanda aka buga a 1934 akwai Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara. Na farkon bai nemi kome ga mai karatu ba sai dariya da al'ajabi, don kuwa ba wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa a hannun Malam Zurƙe. Na biyun fa al'amarinsa dabam ne.

Ganɗoki ƙagagge ne, amma yaƙe-yaƙensa na fari na gaske ne. Ya yi wa Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse yaƙi sa'ad da Turawa suka ci Kwantagora a 1901, ya kuma bi Sarkin Musulmi Attahiru cikin hijirar da ta ƙare a Burmi a 1903. Daga nan sai marubucin ya saki tarihi. Ya kai gwarzonsa ƙasashen gabas, inda ya kara da aljannu da arna, ya yi ta cin nasarar da ta gagare shi a gida. Da ya komo kuwa, ya tarar da zaman lafiya ƙarƙashin mulkin Turawa, ya yaba. Ba mamaki, tun da ofishin gwamnati ne ya buga littafin don makarantu.

To, a duba yadda wannan zai zauna cikin kunnen mutumin Haɗeja. Ran 25 ga Afrilu 1906, shekara uku bayan Burmi, rundunar Kanar Lowry-Cole ta tsaya bakin garin. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, bai kuma yi hijira ba. Aka yi ta faɗa unguwa unguwa har cikin fada, aka kashe shi tare da 'ya'yansa da manyan bayinsa, shi ya sa har yau Mai Shahada ake ce masa. Daga ranar nan zuwa fitar Ganɗoki shekara 28 ce kurum. Watau yaron elementare da ya ɗauko littafin ya karanta da ƙarfi a zaure, ko a bakin fadama bayan an tashi daga su, yana iya karanta wa wanda ya ji ƙarar igwa da kunnensa.

Ga irin wannan mai sauraro kashin farko ba hira ba ne, ta'aziyya ce. Kashi na biyu ne abin gardama. Wani zai ga marubucin ya yi wa jama'a jinƙai, ya ba su a mafarki abin da aka hana su a farke. Wani kuwa zai ga an sauya zance daidai wurin da ya yi zafi. Hujjar na biyun ta fi ƙarfi a Haɗeja, garin da ba ya neman aron jarumi: tun kafin Mai Shahada akwai Sarki Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye, ya mutu a fagen fama a ƙasar Bade a 1863, labarinsa kuma yana bakin tsofaffi da maroƙa ba tare da an kai shi Hindu ba.