Yadda ake ɗaukar hoton wata da jinjirinsa

A yammacin ranar 29 ga Sha'aban ko Ramadan, jama'a a garuruwa irin su Ikara da Makarfi da Kudan da ke arewacin jihar Kaduna kan fita bayan gari domin duban jinjirin wata.

Wanda ya gani kan kai labari ga dagaci ko hakimi, daga nan a miƙa shi fadar Sarkin Zazzau, kafin ya isa ga Sarkin Musulmi a Sakkwato, wanda ke yin sanarwa.

A shekarun baya-bayan nan dai masu duban kan ɗaga wayar salula su ɗauki hoto, amma abin da ke fitowa sau da yawa ɗigon haske ne da ba ya nuna komai.

Me ya sa wata ke ƙanƙancewa a hoto?

Tsakanin wata da duniya akwai tazarar kimanin kilomita 384,000, kuma faɗinsa a sararin sama bai wuce rabin digiri ba. Ɗan yatsa ɗaya ma kan rufe shi idan mutum ya miƙe hannunsa.

Shi ya sa masu ɗaukar hoto ke amfani da dogon gilashi mai zuƙo nesa, wanda ake auna ƙarfinsa da milimita.

Gilashi mai milimita 300 na zana wata da faɗin da bai kai milimita 3 ba a kan farantin kyamara mai tsayin milimita 24. Sai an kai wajen milimita 2,500 kafin watan ya cika hoton.

Duk da haka, gilashi mai milimita 300 zuwa 600 ya isa ya fito da ramuka da duwatsun da ke jikin wata.

Cikakken wata da jinjiri

Daren sha huɗu shi ne mafi sauƙi, domin hasken rana ne tsantsa ke faɗawa a kan watan. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a tsuke ƙofar haske zuwa f/11, a sa ISO 100, sannan kyamara ta ƙyafta cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa.

To sai dai jinjiri ba haka yake ba.

Siriri ne ƙwarai, yana kusa da inda rana ta faɗi, kuma a daren farko sau da yawa ba ya kai sa'a guda zai bi ta ya ɓace. Dole a buɗe ƙofar haske, a kuma ƙara lokacin ɗauka.

A nan ne rawar hannu ke ɓata aiki, saboda gilashin da ke zuƙo wata yana zuƙo kowace girgiza. Don haka sai an kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku.

Shi kansa watan ba ya tsayawa: cikin kusan minti biyu yakan gusa da gwargwadon faɗinsa, kuma idan ɗaukar ta yi tsawo hoton kan dushe.

Haɗari ne babba a juya irin wannan gilashi yamma kafin rana ta faɗi sarai, domin yana tattara haskenta har ya iya makantar da ido.

Yanayi ma na da nasa tasirin. Filayen noma na yankin Zazzau na ba da sarari mai kyau ta yamma, amma hazo da hayaƙin ƙona daji kan toshe gindin sama a lokacin rani, kuma a watan Maris ne azumin 2024 da na 2025 suka kama. Da damina kuma gajimare ne matsalar.

Hoto zai iya zama shaida?

Tun a 1840 John William Draper ya ɗauki hoton wata a birnin New York na Amurka, amma har yau malamai na da saɓanin ra'ayi kan matsayin na'ura a ganin wata.

Wani ɓangare na dalilin shi ne kyamara na kama abin da ido ba zai gani ba. A ranar 8 ga Yulin 2013, Bafaranshe Thierry Legault ya ɗauki hoton jinjiri da rana tsaka, a daidai lokacin haihuwarsa.

Shi kuwa ido, kamar yadda masanin taurari André Danjon ya nuna a shekarun 1930, ba ya ganin jinjirin da tazararsa da rana ta gaza kimanin digiri 7.

Akwai kuma batun hotunan bogi da ke yawo a Facebook da WhatsApp. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda wasu wayoyin Samsung ke ƙara wa hoton wata kwalliya da ƙirƙirarriyar basira.

Hoton ƙwarai kan haɗa da bishiya ko ginin da zai nuna wurin, tare da rana da lokacin da aka ɗauke shi. A arewacin Najeriya jinjirin farko kan fito kusan a kwance kamar ƙwarya, ɓangarensa mai haske na fuskantar inda rana ta faɗi.