Tarihin Likita A Bakin Fagen Dambe

Abin da ya sa muka ɗauko alƙalami a wannan fitowa shi ne maganar yaran nan masu karatun likita, wasunsu 'ya'yanmu ne na cikinmu, wasu kuwa 'ya'yan maƙwabtanmu Yarabawa, waɗanda ke neman dattawa su yi musu hanya su riƙa zama a bakin fage duk ranar da ake dambe. Sun ce karatun littafi kam sun sha shi, yanzu so suke su ga rauni tun yana ɗanye, su sa hannu. Wasu a cikinmu sun ce a bar su, ai taimako ne. Wasu kuwa sun ce ina ruwan biri da gada, dambe ya girmi asibiti. To kafin kowa ya yanke hukunci, gara mu ɗan waiwaya mu ga yadda aka yi har likita ya sami kujera a bakin fage, don kuwa ba kyauta aka ba shi ita ba.

Dambe dai, kamar yadda kowa ya sani, asalinsa wasan mahauta ne. Da kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai rundawa su ɗaura ɗamara su bi gari gari da makaɗansu, duk inda suka sauka a share fili a buga. Hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle a bi shi da zare har ya yi tauri kamar dutse, shi ne na duka, ɗayan kuma a miƙa shi gaba ana kariya. Turmi uku ake yi. Wanda ya faɗi, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan. Ku dubi kalmar da kakanninmu suka zaɓa: kisa. Ba su ɓoye wa kansu abin da wasan yake kwaikwayo ba. Daga baya ne aka sami gidajen dambe na dindindin a birane, da ɓangarori irin su Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa, aka kuma sami zakaru irin su Shago da Ɗandunawa, waɗanda kiɗan Ɗan'anace ya kai sunansu inda ƙafarsu ba ta taka ba. Mu nan Kurmi, tun da aka kafa Sabon Badun cikin 1916 fataucin goro da shanu ke kawo mutanenmu, kuma duk inda ɗan cirani ya sa ƙafa, kalangu na biye da shi. Haka dambe ya iso zangunanmu na Kudu.

Kada wani yaro ɗan boko ya ɗauka cewa mutanen da ba su san magani ba. Sun sani ƙwarai. In ɗan dambe ya karye ko ya yi targaɗe ko ƙashi ya goce, akwai maɗori, wanda ya gaji sana'ar kaka da kakanni, zai ja ya daidaita ya ɗaure da karare, kuma da yawa sun warke sun koma fage. In jini ya kwanta a jiki, wanzami ya yi ƙaho. Kafin wasa kuma akwai tsaga da ake yi a hannun duka a shafa magani, da layu da kambuna da guraye, wannan na kau-da-bara, wancan na sa abokin karo ya ji tsoro. Hukuncin waɗannan mun bar wa malamai. Abin da muke so a lura da shi shi ne, duk wannan tanadi na ƙashi ne da fata da zuciya. Abin da ke cikin ƙoƙon kai babu mai ganinsa. In aka kashe mutum ya sume, sai a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a ɗaga shi tsaye, makaɗi ya zuga shi. In ya koma masauki ya kwanta bai tashi ba, sai a ce kwana ya ƙare, ko a ce an yi masa jifa.

Su ma Turawa haka suka fara. Da hannu tsirara suke dambensu, ba iyakar turmi, sai wanda ya kasa tashi. Sai cikin 1867 aka buga dokokin da ake kira na Queensberry a Ingila, waɗanda suka kawo safar hannu, da turmi na minti 3, da ƙirga goma ga wanda ya faɗi. Amma safar nan hannun mai duka ta fi karewa, ba kan wanda ake duka ba, har ma ta ba mutum damar ya yi ta dukan kai ba tare da yatsunsa sun karye ba. Cikin 1928 wani likita a Amurka mai suna Harrison Martland, wanda aikinsa binciken gawa ne, ya rubuta bayani kan tsofaffin 'yan dambe da ake gani suna tangaɗi kamar mashaya alhali ba su sha komai ba, harshensu ya yi nauyi, hannu na rawa, tunani ya rikice. Ya ce dukan kai ne da ya taru shekara da shekaru. Wanda duk ya zauna da tsofaffin 'yan dambenmu ya san ba a Amurka kaɗai ake samun irin wannan ba, sai dai mu wani suna muke ba shi.

Shekarar da ta fi dacewa mu riƙe ita ce 1963, domin abubuwa biyu sun faru a cikinta, kuma duka biyun sun shafe mu. Hogan Bassey, mutumin Kalaba, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya ci kambun duniya, a birnin Faris cikin 1957. Cikin 1959 wani Ba'amurke mai suna Davey Moore ya ƙwace kambun daga hannunsa. A karonsu na farko jini ya rufe wa Bassey ido, aka tsai da wasa bayan turmi na 13. Bassey ya dawo gida ya zama mai koyar da 'yan dambe, ya rayu har 1998. Shi kuwa Moore da ya yi nasara, cikin watan Maris na 1963 ya kara da Sugar Ramos a Los Anjalis. A turmi na 10 ya faɗi, ƙeyarsa ta bugi igiyar ƙasa ta dandamali. Ya tashi, ya gama turmin a tsaye. Ya koma ɗakin sauya kaya da ƙafarsa, har ya zauna ya yi hira da 'yan jarida. Suna fita ya ce kansa na ciwo, ya sume, bai sake farfaɗowa ba. Bayan 'yan kwanaki ya mutu yana da shekara 29.

Wata biyar bayan haka, ran 10 ga Agusta, a nan garin namu, a filin wasa na Liberty, Dik Taiga ya kare kambunsa na duniya a gaban Gene Fullmer na Amurka. Shi ne karo na farko da aka yi damben kambun duniya a ƙasar nan, kuma iyayenmu da suke Sabo a lokacin sun daɗe suna ba da labarin yadda Badun ta cika ta batse. Taiga ya yi wa Fullmer jina-jina. Bayan turmi na 7 mutanen Fullmer suka ce ya isa haka, aka tsai da wasa. Bai sake shiga dambe ba, kuma ya rayu har 2015. Jama'a ku haɗa labaran nan ku auna. Bassey da Fullmer an raba su da wasa suna jin kunya, suka tsufa a cikin iyalinsu. Moore ya gama turminsa kamar namiji.

Duk da haka ba a hankalta nan da nan ba. Cikin 1982 wani ɗan Nijeriya da ake kira Young Ali ya kara da Barry McGuigan a Landan, aka kashe shi a turmi na 6, ya shiga dogon suma na watanni, daga nan sai kabari. A ƙarshen shekarar nan kuma wani ɗan Koriya ta Kudu, Duk Koo Kim, ya mutu bayan karonsa da Ray Mancini a Las Begas, inda ya faɗi a turmi na 14. Mutuwar Kim ce ta sa ɗaya daga cikin manyan hukumomin damben duniya ta rage turmin kambu daga 15 zuwa 12, sauran suka biyo baya. Sai kuma 1991, da Michael Watson ya faɗi bayan karonsa da Chris Eubank a Landan. Ba a tanadi kayan ceto yadda ya kamata a wurin ba, aka ɓata lokaci kafin a ba shi iskar oksijin, kafin kuma a kai shi inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa. Ya rayu, amma da nakasa. Ya kai hukumar damben Ingila ƙara, kuma cikin 1999 kotu ta ce hukumar na da alhaki. Tun daga abin da ya sami Watson aka tsananta doka a can: motar asibiti a ƙofa, likitan da ya iya ceton numfashi a bakin fage, asibitin da za a nufa an san shi tun kafin a buga ƙararrawa. Kusa da mu ma, cikin Maris na 2025, ɗan damben Nijeriya Segun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Akra ta Gana, ya rasu a ranar.

Me ke faruwa a cikin kai? Yadda likitoci ke bayani, ƙwaƙwalwa ba a ɗaure take ba, tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. In naushi ya juya kai da ƙarfi sai ta girgiza, wani siririn jijiyar jini ya tsinke. Jinin ba shi da mafita, sai ya riƙa taruwa sannu sannu yana danne ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mutum kan tashi ya yi magana, ya karɓi kuɗin da aka liƙa masa, ya ci tuwo, sannan daga baya abin ya kama shi. Alamunsa ciwon kai mai ƙaruwa, amai, barcin da ba a iya tashinsa, maganar da ba ta kan hanya, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Wannan ba aikin maɗori ba ne, ba kuma na mai kantin magani ba. Tiyata ce, kuma da sa'o'i ake lissafinta. Haka nan wanda ya sume bai kamata a cicciɓe shi a ja wuyansa ba, don mai yiwuwa ƙashin wuya ya taɓu. A damben Turawa na 'yan koyo, wanda aka sumar sai ya huta aƙalla kwana 30 kafin ya sake shiga. Mu kuwa yaro kan sha kisa yau, gobe da la'asar ya sake ɗaura zare, don in bai shiga ba babu na abinci.

To mu dawo kan yaran namu. Karatun likita a ƙasar nan shekara 6 ne, sannan shekara guda ta aiki a ƙarƙashin manya kafin a sakar wa mutum mara. Babban asibitin koyarwa na Badun, wanda aka buɗe cikin 1957, daga Sabo ko da ƙafa ana zuwa, haka ma 'yan'uwanmu na Idi Araba a Ikko katanga ce kawai tsakaninsu da nasu. Ashe ke nan mun fi gidajen dambe da yawa na Arewa kusa da masu ilmin nan, amfaninsu ne ba mu ci ba. A ganinmu a bar yaran su zo. Akwai aiki jibgi da za su iya: su auna bugun jinin mai shiga, su duba idonsa, su tsai da jini, su wanke rauni da abu mai tsabta, su rubuta sunan wanda aka sumar da ranar da aka sumar da shi. Su kuma ja kunnen masu tsaga a kan aska ɗaya da ake yanka mutum biyar da ita, saboda ciwon hanta da ƙanjamau, da masu haɗiyar tiramadol don kada su ji zafin duka. Su ma yaran za su ƙaru, don akwai abin da tsohon maɗori ya sani game da hannun ɗan dambe wanda ba ya cikin littafinsu, in sun zo da ladabi.

Amma ɗalibi ba likita ba ne, kuma 'yan dambenmu ba abin koyon aski ba ne. Yawancinsu baƙi ne, 'yan cirani, ba su da kowa a nan sai mu, kuma in ta ɓaci mu ne masu wanka da sutura, mu ne masu aika mummunan labari gida. Saboda haka kada ɗalibi ya zauna a fage sai da cikakken likita mai lasisi a kansa. Kuma babbar magana, wadda muka san a nan za a yi ta ja-in-ja da masu gidan dambe, ita ce wa ke da ikon cewa wasa ya tsaya. In likita zai zauna ne kawai da farar riga, ya ga yaro na layi ya yi magana, Sarkin Dambe ya ce a ci gaba don 'yan kallo sun biya kuɗin ƙofa, to gara ma bai zo ba, don zamansa zai sa mutane su saki jiki a banza.

Mun san akwai malaman da za su ce ai gyaran dambe shi ne barinsa, tunda shari'a ta hana dukan fuska, kuma majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka cikin 1987 ta haramta damben zamani. Ba mu da ja a kan wannan. Sai dai har ranar da za a daina, yaran suna nan suna ɗaura zare, kuma rai rai ne.

Abin da muke roƙon shugabannin ƙungiya su sa a gaba a taro mai zuwa shi ne a kira Sarkin Dambe da Sarkin Fawa da wakilan ɗaliban da likitan da zai tsaya musu, a zauna tabarma ɗaya. A sami littafi guda na rubuta waɗanda aka sumar. A kuma sami mota guda, da mai a cikinta da direba a kusa, wadda za ta tsaya a ƙofar fage daga turmin farko har a tashi, kuma kada a bar masu kayan miya su tare mata hanya.