Idan bayananka na ƙungiyar ƙwadago suka fita: haƙƙinka da matakan da za ka ɗauka

Duk wanda ya yi rajista da ƙungiyar ƙwadago, ko ta direbobi ce a Legas, ko ta ma'aikatan kamfani a Fatakwal, ya ba da sunansa, hotonsa, lambar waya, wani lokaci har NIN da lambar asusun banki. Idan ɓarayin intanet suka yi kutse a kwamfutar ƙungiya, ko littafin rajista ya faɗa hannun da bai kamata ba, da waɗannan bayanai ake damfarar mutane. Ya taɓa faruwa a Amurka: a Yulin 2024 an yi kutse a ƙungiyar malaman makaranta ta jihar Fensilbaniya, abin ya shafi mutum sama da 500,000, kuma sai a Maris 2025 aka aika musu da sanarwa.

Me doka ta ce?

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. A Yunin 2023 kuma aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta sa zaman mutum ɗan ƙungiyar ƙwadago cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, kamar addini da lafiya.

Idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mambobi, dole ƙungiya ta sanar da NDPC cikin sa'o'i 72 da gano shi. In haɗarin babba ne, dole ta sanar da kai ma ba tare da ɓata lokaci ba, ta gaya maka yadda za ka kare kanka. Kana da damar tambayar wane bayani naka suke riƙe da shi da wanda suka ba wa, ka kuma nemi a gyara kuskure. Kana iya kai ƙorafi NDPC, ko ka nemi diyya a kotu idan ka yi asara.

Matakan gaggawa

1. Fara da layin wayarka, don shi ne mabuɗin asusunka. Idan sabis ya ɗauke haka kawai, garzaya ofishin kamfanin layin, wataƙila wani ne ya karɓi sabon sim da lambarka.

2. Canza lambar sirri ta katin ATM da ta manhajar banki. Idan ka ga an cire kuɗin da ba ka sani ba, sa banki ya rufe asusun nan take, ka karɓi lambar ƙorafi. In banki bai warware ba cikin mako biyu, sai ka rubuta wa CBN.

3. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp.

4. Kada ka ba kowa lambar OTP ko BVN ta waya, ko da ya kira cikakken sunanka ya ce daga ofishin ƙungiya yake. Sanin sunanka da reshenka ba shaida ba ne. A cikin bayanan da aka sace ya gani.

5. Nemi rahoton bashinka a CRC ko FirstCentral, ka duba ko an ci rance da sunanka. Doka ta ba ka rahoto ɗaya kyauta a shekara.

6. Adana komai: saƙonni, takardar banki, sanarwar ƙungiya. Da su za ka je wurin 'yan sanda, EFCC ko lauya.

Shugabannin rassa da sarakunan Hausawa su taimaka a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, domin su ne 'yan damfara suka fi nema.