Zafin Ruwan Injin Mota: Ma'auninsa da Iyakarsa

A yawancin motoci, ruwan lagireto kan tsaya tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyos idan inji na da lafiya. Allurar da ke gaban direba, tsakanin haruffan C da H, ita ke nuna hakan, kuma tsakiya ce mazauninta.

A bazara, musamman Maris da Afrilu, motocin da ke dakon masara tsakanin Malumfashi da Funtua sun fi shan wuya: ga rana, ga lodi, ga ƙurar da ke toshe lagireto. Da zarar allura ta doshi H, wajibi ne direba ya tsaya ya kashe inji, domin ci gaba da tafiya kan ƙona gasket. Ba a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, saboda tururinsa na saɓule fata.