Zoɓo: Yadda ake zaɓensa, da sayensa, da adana shi

Da wuya a yi buɗa-baki a watan Azumi, ko walimar aure da ta suna a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ba a ga zoɓo ba. Sai dai masana harkar abinci na cewa tun a kasuwa ake gane zoɓon da zai yi daɗi, domin sukari da kayan ƙamshi ba sa gyara wanda ya sha danshi ko ya tsufa.

Mene ne zoɓo?

Zoɓo, ko soɓorodo, daga tsiron yakuwa yake fitowa, wanda a wasu yankunan ake kira sure. Abin da ake dafawa shi ne ɓawon nan mai kauri da ke rungume da kwanson iri bayan fure ya kaɗe.

Ana miya da ganyen tsiron, yayin da 'ya'yansa, wato gurguzu, ake yin daddawar batso da su.

Yakuwa dai kan yi fure ne a ƙarshen damina, a girbe ta da kaka, daga wajen watan Nuwamba, sannan a shanya ta a iskar hunturu.

Jihohin Jigawa da Kano da Katsina na cikin waɗanda suka fi noma ta, kuma kasuwannin Maigatari da Dawanau sun yi suna wajen cinikinta. A Sudan da Masar ana kiran wannan abin sha karkade, a Senegal bisap, a Ghana kuwa sobolo.

Ire-irensa

Mai saye zai tarar da iri uku a kasuwa. Akwai ja mai duhu, wanda ke kusa da baƙi, shi ne ya fi ba da launi, don haka kaɗan daga cikinsa kan rina ruwa mai yawa.

Akwai ja mai haske, wanda sau da yawa ya fi tsami amma launinsa bai kai na farkon ba. Wasu matan kan haɗa su biyun domin su sami launi da tsami a tukunya ɗaya.

Sai kuma farin zoɓo, wanda aka fi yin miya da shi, ko da yake ana shansa.

A kasuwannin duniya kuwa, zoɓon yankin Kordofan na Sudan ya daɗe da yin fice.

Idan aka ci karo da irin da ba a saba da shi ba, shawarar ita ce a fara sayen kaɗan. A jiƙa tafi ɗaya a kofin ruwan zafi, a gwada shi da wanda aka sani, kafin a sayi mudu ko buhu.

Abin dubawa a kasuwa

Abu na farko shi ne bushewa. Zoɓon da ya bushe sosai yakan yi ƙara idan aka damƙe shi, kuma ya karye. Wanda ya lanƙwashe ko ya manne da ɗan'uwansa yana da sauran ruwa, kuma shi ne fumfuna ke fara kamawa.

Na biyu launi. Wanda ya koma ruwan ƙasa ko ya kwashe, alama ce ta tsufa ko daɗewa a rana.

Na uku tsabta. A zura hannu har ƙasan buhu, domin can ne yashi da tsakuwa da gurguzu ke taruwa. Garin da ya yi yawa a ƙasa, ko ƙananan huji a jikin ɓawon, na nuna cewa ƙwaro ya shiga.

Sannan a sansana. Zoɓo mai kyau ƙamshin tsami yake yi. Idan aka ji warin rumbu, ko na fetur, ko na maganin ƙwari, to a bar shi ko da ya yi araha.

Farashi ya fi sauƙi da kaka, lokacin da sabon kaya ya shigo, ya kuma tashi idan Azumi ya gabato ko damina ta yi nisa.

Haka ma citta, wadda ake haɗa zoɓo da ita tare da kanumfari. A shekara ta 2023 wata cuta ta lalata gonakinta a kudancin jihar Kaduna, ciki har da yankunan Kachia da Kagarko da Jaba, abin da ya sa ta yi tsada matuƙa.

Adanawa

Abubuwa uku ne ke ɓata zoɓo a ajiya: danshi, da haske, da ƙwari. Sinadarin da ke ba shi launin ja ba ya jure rana da zafi, shi ya sa wanda aka bari a buɗe kan kwashe.

Bayan an sayo, a tsince shi, a ƙara shanya shi a kan tabarma ko tamfol mai tsabta, kada a zuba shi a ƙasa. Idan ya huce, a zuba a leda mai kauri, a matse iska a ɗaure, a saka cikin bokiti mai murfi, a ɗora a kan katako nesa da bango. Kada a wanke shi sai ranar da za a dafa.

Buhunan nan masu rufi uku da ake kira PICS, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a shekara ta 2007 domin ajiyar wake, da hikimar hana iska shiga suke aiki: ƙwaron da bai sami iska ba ba ya rayuwa.

Wannan mataki ya fi muhimmanci a wurare irin su Randagi da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Birnin Gwari, inda ruwan sama ya fi na Kano da Jigawa yawa, iskar damina kuma ta fi ɗaukar laima. A can yana da kyau a riƙa duba ajiya lokaci-lokaci, musamman a watan Agusta.

Yankin dai ya yi shekaru yana fama da hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka hana manoma da dama zuwa gona, suka kuma durƙusar da kasuwanci, kafin Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024. A inda zuwa kasuwa ba shi da tabbas, asarar abin da aka ajiye ba ƙaramar asara ba ce, musamman ga matan da ke sana'ar sayar da zoɓo a gida.

Masana na gargaɗin kada a zuba wa zoɓo maganin ƙwari. A shekara ta 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa.

Shi ma zoɓon bai tsira ba. A shekara ta 2018 cinikinsa da ƙasar Meziko, wadda ke kan gaba wajen sayensa daga Najeriya, ya tsaya cik saboda ƙwaron ajiya da aka gano a cikin wasu kaya, kuma an ɗauki shekaru kafin a ci gaba.

Bayan an dafa

Zoɓon da aka dafa aka sa wa sukari ba ya jimawa. Idan babu firji, a sha shi a ranar, domin a lokacin zafi yakan fara kumfa, ɗanɗanonsa ya canza, sukarin cikinsa kuma ya soma rikiɗewa zuwa barasa. Wanda ya kai haka zubar da shi ake yi, saboda lafiya da kuma addini.

Wani bincike da masana a Jami'ar Tufts ta Amurka suka wallafa a shekara ta 2010 ya gano cewa shan kofi uku a rana na tsawon makonni shida ya ɗan rage hawan jinin mutanen da aka gwada.

Amma likitoci na jan hankali cewa zoɓo ba ya maye gurbin magani, kuma mai shan maganin hawan jini ko mai juna biyu ya kamata ya nemi shawarar likita kafin ya mai da shi abin shan kullum.